Shekara 108 Ana Cewa Sai Baɗi: Tarihin Cubs da Magoya Bayanta

Besbol wasan kullum ne a Amurka. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kowace ɗaya daga ƙungiyoyi 30 na babbar gasar tana buga wasa 162, yau da gobe da jibi, hutun kwana ɗaya ma sai jefi-jefi. Mai goyon baya yakan saba da muryar mai sharhi a rediyo har ta zama ɗaya daga sautukan gidansa. In an sha kashi yau ba a ta da hankali, gobe akwai wani wasan. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a shekara takan faɗi kusan sau 60, wadda ta fi kowa rauni kuma takan ci kusan hakan. Wata shida cur wasan yana koya wa masoyinsa sanyin zuciya.

Sai Oktoba ta kama a juya komai. A ajiye lissafin wata shida gefe, a ce ƙungiya biyu su kara wasa uku ko biyar ko bakwai, wadda ta riga cin biyu ko uku ko huɗu ta wuce, ɗayar ta tattara ta koma gida. Kamar manomi ne da ya kwashe damina yana wahala har rumbunsa ya cika, sai a ce da dami ɗaya za a auna nomansa. A 2001 Seattle Mariners ta ci wasa 116 amma ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba. A 2006 St. Louis Cardinals ta ci 83 kacal, ta ɗauki kofi. Abin da ke sa magoya baya son Oktoba ke nan, shi ne kuma ke sa su tsoronta. Babu waɗanda suka san wannan tsoro kamar magoya bayan Cubs ta birnin Shikago, waɗanda nake cikinsu daga nesa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ga yadda wasan yake. Mai jifa yana tsakiyar fili yana wurga ƙwallo mai tauri, da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa, zuwa ga mai bugu da ke riƙe da sanda. In mai bugu ya maka ƙwallon sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya faro, kuma duk wanda ya kammala wannan zagaye ya ci maki ɗaya. In ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi sun ci ba gardama. 'Yan tsaro tara suna ƙoƙarin fitar da masu bugu, ko su cafe ƙwallon a sama, ko su riga mai gudu kai ta tasha, ko mai jifa ya sa shi kuskure sau uku. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, turmi ɗaya ke nan, kuma turmi tara ake yi. Babu agogon da ke tashin wasa, ba a kuma rabuwa canjaras. Sai ka fitar da mutum 27 kafin ka ce ka ci. Shi ya sa mai kallon besbol ba ya lissafin minti, mutum nawa suka rage a fitar yake ƙirgawa.

Gasar ƙarshe, World Series, ta faro ne a 1903, shekarar da sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Manyan rukunai biyu ne: National League da aka kafa a 1876, da American League da ta ɗaga kanta zuwa babban matsayi a 1901. Bayan rigimar ƙwace wa juna 'yan wasa suka yi sulhu, zakarunsu suka kara, Boston ta doke Pittsburgh. A 1904 masu New York Giants suka ƙi bugawa don sun raina sabon rukunin, amma daga 1905 abin ya zauna, ba a sake tsallake shekara ba sai 1994 da 'yan wasa suka yi yajin aiki. Har zuwa 1968 ƙofa ɗaya ce: ko ka zo na ɗaya a rukuninka, ko ka zauna gida. A 1969 masu shiga suka zama huɗu, a 1995 takwas, a 2012 goma, daga 2022 kuma goma sha biyu.

A farkon wannan tarihi Cubs ce dodon fili. A 1906 ta ci wasa 116 ta faɗi 36, abin da har yau ba wanda ya fi shi in aka auna da yawan wasanni. Amma a World Series maƙwabciyarta White Sox, wadda aka san ta da raunin bugu, ta kayar da ita. Tun ran nan Oktoba ta nuna wa Cubs halinta. Ta dawo ta doke Detroit Tigers a 1907, ta sake doke ta a 1908. A tsakar filinta akwai Joe Tinker da Johnny Evers da Frank Chance, wanda shi ne ɗan wasa kuma koci. Babban mai jifarta Mordecai Brown ne, wanda injin gona ya lalata wa yatsun hannun dama yana yaro, sai nakasar ta zama makaminsa, domin ƙwallon da ta fita daga wannan hannu karkacewa take yi ta yadda masu bugu ba su saba gani ba.

Yadda aka kai ga kofin 1908 ma labari ne. Ranar 23 ga Satumba, a New York, ana kunnen doki da Giants a turmi na tara, sai Giants ta yi bugun da ya kamata ya ba ta nasara. Wani saurayi mai shekara 19, Fred Merkle, da ke tasha ta farko, ganin jama'a sun cika fili sai ya juya ya nufi ɗakin sauya kaya bai taka tasha ta biyu ba, kamar yadda 'yan wasa suka saba a lokacin. Evers ya san doka. Ya nemo ƙwallo cikin turmutsutsu ya taka tashar, alƙali ya ce Merkle ya fita, makin bai shiga ba. Da kaka ta ƙare ƙungiyoyin biyu suna daidai, aka sake wasan ranar 8 ga Oktoba, Cubs ta ci 4 da 2. Ranar 14 ga wata ta ɗauki kofi a Detroit gaban 'yan kallo 6,210. Merkle ya rayu da wannan tabo har mutuwarsa. Ina so a riƙe wannan, domin ɗora laifin shekara guda a kan mutum ɗaya tsohuwar ɗabi'ar Oktoba ce, kuma a karon farko Cubs ce ta ci ribarta.

Lokacin da aka ɗaga wannan kofi ba a haɗe Arewa da Kudancin Najeriya ba, jirgin ƙasa bai iso Kano ba, ba a fara watsa wasa a rediyo ba.

Mutane sukan ɗauka daga nan Cubs ta mutu. Ba haka ba ne. Ta koma World Series a 1910, 1918, 1929, 1932, 1935, 1938 da 1945, sau bakwai, ta faɗi duka. Na 1929 ya fi ciwo. A wasa na huɗu tana gaban Philadelphia Athletics da 8 da nema a turmi na bakwai, rana ta shiga idon ɗan tsaronta Hack Wilson, ƙwallo ta ɓace masa a sama, kafin a ankara Athletics ta zuba maki goma a turmin. A 1932 kuma a filin Cubs ne Babe Ruth na Yankees ya yi nuni da hannu sannan ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, abin da har gobe ake gardamar ko wurin da za ta faɗa ya nuna.

Sai maganar bunsuru. A 1945, Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, Cubs ta sake haɗuwa da Detroit. Wani mai mashaya ɗan asalin Girka, Billy Sianis, ya zo wasa na huɗu ranar 6 ga Oktoba da bunsurunsa mai suna Murphy, har ya yankar masa tikiti. Aka fitar da su saboda 'yan kallo sun yi ƙorafin wari. Labarin da ya bazu shi ne ya fusata ya yi wa ƙungiyar baki cewa ba za ta ƙara cin kofi ba. Cubs ta faɗi a wasa na bakwai, kuma shekara 71 ba ta sake taka World Series ba. 'Yan jarida suka rungumi labarin, mashayar ta yi suna, ita kanta ƙungiyar daga baya ta riƙa gayyatar ɗan ɗan'uwansa Sam Sianis ya zagaya fili da bunsuru wai don a karya abin.

Ni ban yarda da wannan camfi ba ko na rana ɗaya, kuma ina ganin ya cuci magoya baya, domin ya ba masu ƙungiyar mafaka. An bar jaki ana dukan taiki. Dalilan faɗuwar suna nan a fili. Iyalan Wrigley masu kamfanin cingam su suka mallaki ƙungiyar, kuma Philip Wrigley da ya gaji mahaifinsa a 1932 ya fi damuwa da kyan fili da jin daɗin 'yan kallo a kan gina ƙungiya. Lokacin da Cardinals da Dodgers ke kafa ƙananan ƙungiyoyi suna renon yara, Cubs ta yi nawa. Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a 1947, amma Cubs ba ta sa baƙar fata a fili ba sai Satumba 1953. A 1961 Wrigley ya fito da wata dabara ta barin ƙungiya ba koci ɗaya, wai masu horarwa su riƙa karɓa-karɓa, abin ya zama abin dariya. A 1964 ta bai wa Cardinals matashi Lou Brock ta karɓi mai jifa Ernie Broglio da hannunsa ya riga ya gaji. Brock ya ci kofi a shekarar, ya ƙare cikin gwarazan wasan na har abada. Daga 1947 zuwa 1966, shekara 20 a jere, Cubs ba ta fita daga rabin ƙasa na teburi ba. Wane bunsuru ne ya yi wannan?

Baƙar fatan nan na 1953 shi ne Ernie Banks, kuma in ana maganar abin da jiran ya ci, da shi nake farawa. Ya buga wa Cubs wasa 2,528 cikin shekara 19, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 512, aka zaɓe shi gwarzon rukuni a 1958 da 1959 alhali ƙungiyarsa faɗuwa take yi. Bai taɓa buga wasan Oktoba ko ɗaya ba. Duk da haka an san shi da fara'a, yana shigowa fili yana cewa rana ta yi kyau, a buga wasa biyu ma. Damarsa ta zo a 1969. Tare da shi akwai Ron Santo da Billy Williams da Ferguson Jenkins, koci kuma Leo Durocher. A tsakiyar Agusta suna gaban New York Mets da wasa tara. Sai Satumba ta zo suka faɗi takwas a jere. Ranar 9 ga wata, a filin Mets, wata baƙar kyanwa ta bi ta gaban Santo ta nufi bencin Cubs, masu camfi suka samu abin faɗa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne filin Cubs, wato Wrigley, ba shi da fitilu a lokacin, duk wasannin gida cikin zafin rana ake yin su, Durocher kuma ba ya hutar da manyan 'yan wasansa. Sun gaji. Mets ta gama da ratar wasa takwas, ta je ta ci kofi.

Abin mamaki, faɗuwar ba ta kori mutane ba. Filin Wrigley, wanda aka gina a 1914 Cubs ta koma cikinsa a 1916, yana tsakiyar unguwa ne, da ganye mai yaɗo a katangarsa tun 1937, da allon maki da har yau hannu ke sauya lambobinsa. In an ci sai a ɗaga farar tuta mai harafin W don masu wucewa a jirgin ƙasa su gani. Ba a sa fitilu ba sai Agusta 1988. Da yake a wancan zamani da rana ake wasa, yara na dawowa daga makaranta su tarar da shi a tashar WGN, su zauna kusa da kaka ko kakan da ya yi ritaya. Da tashar ta fara kaiwa ko'ina cikin ƙasar, da muryar mai sharhi Harry Caray, sai Cubs ta samu masoya a garuruwan da ba su taɓa ganin Shikago ba. Haka son ya zama gado, uba ya bar wa ɗa, tare da kalmar da ake rufe kowace kaka da ita: sai baɗi.

A 1984 aka koma Oktoba karon farko tun 1945. Mawaƙi Steve Goodman, wanda ya yi waƙar da ake sawa a filin duk ranar da aka ci, ya rasu da cutar sankarar jini kwana huɗu kafin ƙungiyar ta tabbatar da gurbinta. Cubs ta doke San Diego Padres a wasa biyu na farko, na farkon ma 13 da nema, saura ɗaya. Ta je San Diego ta faɗi uku a jere, a na ƙarshen ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun Leon Durham. A 1989 da 1998 an shiga an fito ba labari.

Daren 14 ga Oktoba 2003 shi ne wanda duk mai goyon bayan Cubs ba ya son tunawa. An riga an doke Atlanta Braves, karon farko da aka tsallake zagaye tun 1908. Ana gaban Florida Marlins da wasa uku da biyu, ana gida, ana ci 3 da nema a turmi na takwas. Mark Prior, ɗan shekara 23, yana jifa ba wanda ke iya taɓa shi. Mutum biyar suka rage a fitar. Luis Castillo ya buga wata ƙwallo da ta karkace ta nufi layin farko na 'yan kallo a hagu. Moisés Alou ya yi tsalle ya miƙa hannu, 'yan kallo da yawa suka miƙa nasu, kamar yadda kowa ke yi in ƙwallo ta nufo shi. Ta taɓa hannun wani saurayi mai shekara 26 da ke sanye da hular Cubs yana sauraron wasan ta rediyo a kunne. Alou ya buga ƙasa da fushi, talabijin ta yi ta maimaita hoton.

Abin da ya biyo baya 'yan wasa ne suka yi shi. Prior ya bar Castillo ya wuce tasha ta farko. Alex Gonzalez, wanda ba ya cika kuskure, ya saki ƙwallo mai sauƙi da za ta iya kashe turmin. Koci Dusty Baker ya yi jinkirin sauya mai jifa. Marlins ta ci maki takwas. Kashegari ma akwai wasa na bakwai a gida, da Kerry Wood a kan jifa, aka faɗi 9 da 6. Amma wa aka kama? Saurayin nan. Aka jefe shi da giya da shara, masu tsaro suka fitar da shi ya rufe fuska, jarida ta buga sunansa da inda yake aiki, 'yan sanda suka tsare gidansu. Ya fitar da takardar ba da haƙuri kan abin da ba laifi ba ne, ya ƙi duk kuɗin talla da hira da aka yi masa tayi, ya ɓace daga idon jama'a. Wani gidan abinci ya sayi ƙwallon sama da dala 113,000 ya tarwatsa ta a bainar jama'a a Fabrairu 2004. Da gangan na ƙi rubuta sunan saurayin, an ambace shi ya isa. Wannan shi ne abin kunya mafi girma a tarihin magoya bayan Cubs, ya fi duk faɗuwar da aka yi a fili.

A 2004 Boston Red Sox ta ci kofi bayan shekara 86. A 2005 White Sox, ta kudancin birni ɗaya, ta ci bayan shekara 88. Aka bar Cubs ita kaɗai. A 2008, cikar shekara ɗari, ta ci wasa 97, Dodgers ta share ta uku a jere.

Gyaran ya zo ne ta hanyar da ba ta da alaƙa da bunsuru. Iyalan Ricketts suka sayi ƙungiyar a 2009, a Oktoba 2011 suka ɗauko Theo Epstein, wanda ya gina ƙungiyar Boston ta 2004. Bai yi wa kowa romon baka ba, ya ce za a rushe a sake gini, kuma za a sha wuya. Aka sayar da tsofaffi aka karɓo yara. An faɗi wasa 101 a 2012, 96 a 2013, 89 a 2014. A tsarin Amurka na wancan lokaci ƙungiyar da ta fi faɗuwa ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, ta haka aka samu Kris Bryant a 2013 da Kyle Schwarber a 2014. Ta musanya aka samu Anthony Rizzo da Kyle Hendricks da Jake Arrieta da Addison Russell, Javier Báez kuma an riga an ɗauke shi tun 2011. A ƙarshen 2014 aka kawo koci Joe Maddon, aka zuba dala miliyan 155 a kan mai jifa Jon Lester. Akwai abin dubawa a tsarin da ke saka wa mai faɗuwa da gangan, kuma ƙungiyoyi da yawa sun kwaikwayi Cubs suka wahalar da magoya bayansu a banza. Haka nan ɗauko Aroldis Chapman a Yuli 2016, bayan an dakatar da shi wasa 30 kan zargin cin zarafin mace a gida, bai kwanta wa da yawanmu a rai ba. Ba zan ɓoye wannan don labarin ya yi daɗi ba.

Ron Santo ya rasu a Disamba 2010. Ernie Banks ya rasu a Janairu 2015. A shekarar ne yaran suka ci wasa 97 suka kai zagayen kusa da ƙarshe, Mets ta share su.

A 2016 suka ci 103, suka kawar da Giants, ranar 22 ga Oktoba kuma Hendricks ya hana Dodgers ko maki ɗaya a Wrigley, aka ci 5 da nema, aka koma World Series. Abokiyar karawa Cleveland ce, ita ma rabonta da kofi tun 1948, kocinta Terry Francona wanda ya jagoranci Boston a 2004. Bayan wasa huɗu Cleveland na da uku, Cubs ɗaya. Masu cewa sai baɗi suka fara gyara murya. Aka ci na biyar 3 da 2 da ƙyar, Chapman ya fitar da mutum takwas na ƙarshe. Aka ci na shida 9 da 3 a Cleveland, Russell shi kaɗai ya shigo da maki shida.

Wasa na bakwai, 2 ga Nuwamba. A agogon Najeriya da Nijar wajen ƙarfe ɗaya na dare aka fara. Mai bugu na farko, Dexter Fowler, ya tsallakar da ƙwallo katanga. Aka kai 5 da 1. David Ross, ɗan shekara 39 da ke buga wasansa na ƙarshe a rayuwa, shi ma ya tsallakar da tasa. A turmi na takwas ana 6 da 3, mutum huɗu suka rage, Maddon ya kira Chapman, wanda ya gajiyar da shi a wasanni biyu da suka wuce ba tare da wata larura ba a na shidan. Brandon Guyer ya shigo da maki ɗaya. Sai Rajai Davis, wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya riƙe sanda a gajarce ya maka ƙwallo ta bi layin hagu ta tsallake. 6 da 6. Duk wanda ya ga 2003 ya san wannan sanyin jiki. Turmi na tara ya ƙare a haka, sai ruwa ya sauko, aka rufe fili da tamfol.

Minti 17 aka yi ana jira. Cikin wannan lokaci Jason Heyward, wanda aka saya da kuɗi mai yawa amma bugunsa ya ƙi duk shekarar, ya tara 'yan wasa a ɗakin motsa jiki, ba koci, ya tuna musu cewa su suka fi kowa a kakar nan. Chapman yana hawaye. Aka dawo. Schwarber, wanda jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke a Afrilu ya dawo don wannan zagaye kawai, ya buga ya kai tasha ta farko. Albert Almora ya karɓe shi, ya yi wayon rugawa tasha ta biyu bayan an cafe dogon bugun Bryant. Aka ƙi jefa wa Rizzo, aka bar shi ya tafi tasha ta farko, aka zaɓi Ben Zobrist, shi kuwa ya zura ƙwallo ta layin hagu, 7 da 6. Miguel Montero ya ƙara ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Cleveland ba ta sallama ba. An fitar da biyu, Davis ɗin nan ya sake shigo da maki, 8 da 7. Aka kira Mike Montgomery. A jifansa na biyu Michael Martínez ya buga wata ƙwallo mai rauni a ƙasa ta nufi Bryant. Yana ɗauka yana murmushi, ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, amma jifan ya isa hannun Rizzo, wanda ya soka ƙwallon a aljihun baya. Ƙarfe 12:47 na dare a Cleveland, 5:47 na asuba a nan. Kimanin mutum miliyan 40 ne suka kalla a Amurka.

Abin da ya fi taɓa ni ba a fili ya faru ba. Kwanaki mutane suna zuwa bangon Wrigley da alli suna rubuta sunayen iyaye da kakanni da suka mutu suna jira, har bulo ya cika, masu zuwa daga baya suka riƙa hawa tsani. Maƙabartun Shikago suka cika da huluna da tutocin W. Wani mutum ya tuƙa mota daga North Carolina zuwa Indiana ya saurari wasan a rediyo a gefen kabarin mahaifinsa, don sun yi alkawarin tare za su ji. Ranar 4 ga Nuwamba aka rina kogin birnin shuɗi, hukumomi suka ƙiyasta mutum miliyan biyar sun fito. A Yuli 2017 ƙungiyar ta kira saurayin 2003 a sirrance ta ba shi zoben zakaru irin na 'yan wasa. Ya karɓa, ya yi godiya a rubuce, ya roƙi a ci gaba da barinsa ya yi rayuwarsa. Matakin ya yi kyau, amma ya makara da shekara 14.

An ɗauka yaran nan za su yi ta ɗaukar kofi. Ba su ƙara ba. Dodgers ta fitar da su a 2017, Maddon ya tafi a 2019, Epstein a 2020, a Yuli 2021 kuma cikin kwana biyu aka rabu da Rizzo da Bryant da Báez. Ba bunsuru, ba kyanwa, Oktoba ce kawai, wadda a 2022 ta mayar da Dodgers mai nasara 111 gida a zagayenta na farko. Ƙara yawan masu shiga zuwa 12 ya ƙara kuɗin talabijin, ya kuma rage darajar wata shidan nan, kuma a ganina an wuce gona da iri.

Mai karatu da ke son gwada wannan wasa, ka fara da Oktoba, ka yi barcin rana domin yawancin wasannin bayan tsakar dare suke a agogonmu. In kuma kana neman ƙungiyar da za ka mara wa baya, ka duba Cleveland, wadda yanzu ake kira Guardians. Maki ɗaya ya raba ta da kofi a daren nan na 2016, kuma jira mafi tsawo a gasar ya koma hannun magoya bayanta, tun 1948.